Yadda na gyara tsohon kicin ɗinmu da kuɗin adashi

Gidan da muke ciki a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, a cikin Kano, mahaifin maigidana ne ya gina shi tun a shekarun 1980, kuma kicin ɗin yana can ƙarshen tsakar gida, ɗaki guda mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 da rabi, da 'yar taga wadda faifai biyu za su rufe ta. Shekara da shekaru ana hura itace a cikinsa, har bangon ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya ta lulluɓe silin, daɓen siminti ya farfashe, kyankyasai kuma suka mai da shi gidan gado. Ni da risho na shigo gidan, daga baya na koma gas, amma murhun ƙafa biyun a kan wani tsohon tebur yake zaune, wanke-wanke kuwa a bakin kwata ake yin sa, a tsugune, rani da damina. Na rubuta abin da ya faru daki-daki ne saboda na fara aikin ta inda bai kamata ba, na yi asarar lokaci, na kuma kusa yin asarar kuɗi, kuma na san mata da yawa suna riƙe da hotunan kicin a waya kamar yadda na riƙe, ba tare da sun san inda ake kama bakin zaren ba.

Kuɗin da na dogara da shi na adashi ne. Mu goma sha biyu ne a makarantar da nake koyarwa, kowa yana zuba naira dubu 40 a wata, kuma kwasata ta faɗo ƙarshen watan Satumba na 2024, wato naira dubu 480. Malam ya yi alkawarin ƙara dubu 150, sai lissafi ya tashi dubu 630. A ganina a lokacin kuɗi ne mai kauri, domin ban yi la'akari da yadda kayan gini suka tashi ba tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu goma a wurare da dama, kuma ko da ya ɗan sauko, a lokacin da muka fara aiki tsakanin dubu tara da dubu goma ake sayar da shi. Duk wanda ya taɓa yin gini shekara uku da suka wuce, idan ya ba ki lissafi da ka, to ki gode masa, amma ki ajiye lissafin a gefe ki je kasuwa da ƙafarki.

Kuskurena na farko shi ne kiran kafinta kafin kowa. Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da shi, ya zo ya auna bango da tef, na nuna masa hoton da nake so, kabad a ƙasa da sama, fari da ruwan toka. Ya ce da allon MDF zai yi, duka-duka dubu 260, kuma yana buƙatar kafin alƙalami domin farashin allo yana tashi kullum. Na tura masa dubu 80 a ranar, ba takarda, ba shaida, sai alat ɗin banki kawai. Murna ta hana ni tambayar abin da ya kamata, wato a kan me za a kafa wannan kabad ɗin. Kwana huɗu bayan haka Malam ya kawo wani dattijon magini wanda ya taɓa yi wa mahaifinsa aiki, da niyyar ya duba daɓen kawai. Baba magini bai ko kalli ƙasa ba, ya wuce bangon gabas ya ƙwanƙwasa shi da bayan cokalin gini, sai muka ji yana ƙara kamar ganga, filasta ta rabu da bulo. Ya nuna mini wani farin gari kamar kanwa da ya fito a gindin bangon, ya ce, "Hajiya, wannan bangon ruwa yake sha daga sama da ƙasa. Idan kika jingina masa katako, ba zai ga damina biyu ba." Daga nan ya sa yaronsa ya hau sama, aka tarar da kwano uku sun ruɓe, kuma gara ta cinye katakon rufi biyu.

A daren ban yi barcin kirki ba, domin dubu 80 sun riga sun fita. Washegari na kira kafintan, ya ce ya riga ya sayi allo biyu da hinji, kuɗi ba za su dawo ba. Ban ga laifinsa sosai ba, tunda abin da na ce ya yi shi ya kama yi. Abin da muka daidaita a kai, bayan Malam ya sa baki, shi ne ya ajiye allunan a shagonsa har a gama aikin gini, sannan a yi da su kabad ɗin sama kaɗai da murafan ƙasa, a bar maganar kabad ɗin ƙasa gaba ɗaya. Baba ne ya kawo shawarar a zuba kanta ta kankare a kan ƙafafun bulo, a lulluɓe ta da tayil. Dalilinsa shi ne allon MDF garin katako ne da aka matse da gam, da ruwa ya taɓa gefensa sai ya kumbura ya riƙa marmashewa, ga gara, ga ɓera, ga kuma yadda muke wanke kicin da bokitin ruwa da tsintsiya. Kankare kuwa babu ruwansa da duk waɗannan. A wannan karon na sayi littafin rubutu mai shafi 40, na rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, da abin da aka biya da abin da ya rage, kafintan ya sa hannu, ƙanin Malam ya sa hannu a matsayin shaida. Wannan littafin shi ya zama takardar aikin har ƙarshe, kuma kowane rasit da na karɓa a kasuwa a bayansa na maƙala shi.

Aiki na gaskiya ya fara ne a makon farko na Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke sarai. Mun kwashe kayan kicin muka mai da su ƙarƙashin rumfar tsakar gida, inda na yi girki na tsawon wata biyu cikin ƙura. An fara da rufi. Malam ya je 'Yan Katako da ke Na'ibawa ya sayo katako biyu, aka shafe su da maganin gara, aka canja kwano uku, da kusa da kuɗin aiki ya tashi dubu 38. Tsohon silin kuwa da aka taɓa shi sai ya zubo da kansa, tare da kashin ɓera na shekaru, don haka aka fid da shi duka. Na so a sa sabo nan take, Baba ya ce a dakata sai mai wutar lantarki ya gama jan wayarsa, in ba haka ba sai an sake ɓalle shi. Daga nan leburori biyu suka yini biyu suna sassaƙe tsohuwar filasta har aka ga bulo. Na tambaya ko ba za a iya kankare baƙin a shafa fenti a kai ba, domin a rage siminti, sai Baba ya ce ya sha ganin masu yin haka, wata uku ba a yi ba hayaƙin da ya shige cikin bango yake ɓullowa ta cikin fenti, rawaya-rawaya, kamar an watsa shayi. An bar filastar bangon yamma kaɗai, wadda ba ta yi ƙarar ganga ba, aka kankare ta da burushin ƙarfe aka wanke da omo.

Da bango ya zama tsirara sai asalin ruwan ƙasa ya bayyana. Kwatar da ke fitar da ruwan wanke-wanke ta bi ta gindin bangon gabas ne daga waje, kuma ta tsage, ruwan yana tsuma ƙasa shekara da shekaru. Nan aka kira mai aikin famfo. Shi ne ya fi kowa ɓata mini lokaci, domin ya ce Litinin, bai zo ba sai Alhamis, Juma'a kuma rabin yini ya yi ya tafi masallaci bai dawo ba, alhali Baba da yaransa suna jiran sa. Amma da ya kama aikin ya yi shi da kyau. Ya jawo ruwa daga tankinmu da bututun roba na PPR wanda ake haɗawa da zafi, ya binne shi a bango, sannan ya sa bututu mai inci 2 na fitar da ruwan datti, ya karkata shi sosai domin kada ruwa ya kwanta a ciki. Ya kuma nace a sa wani lanƙwasasshen bututu a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, wanda ruwa yake zama a cikinsa kullum ya toshe hanyar wari da kyankyaso. Na ɗauka dabarar ƙarin kuɗi ce, yanzu kuwa shi ne abin da na fi gode masa a kai. Kafin a fasa kwatar, Malam ya je ya sanar da maƙwabcinmu, saboda ta bi ta jikin katangarsa kafin ta fita titi, kuma wannan 'yar sallamar ta hana rigimar da na ga ta raba wasu gidajen a layinmu. Kayan famfo da kuɗin aiki sun ci dubu 52. Kwanon wanke-wanken na ƙarfe mara tsatsa kuwa na hannu na saya, dubu 25, bayan na cika shi da ruwa a gaban mai shagon na tabbatar ba ya yoyo.

Kafin a rufe bututun da siminti, mai famfon ya buɗe ruwa ya bar shi kwana guda domin a ga ko akwai inda yake tsatsa. Akwai kuwa, a wata mahaɗa guda, aka yanke aka sake haɗawa. Da an riga an yi filasta an manna tayil, da sai dai a fasa.

Mai wutar lantarki kwana ɗaya ya yi. A da ƙwai ɗaya ne a kicin ɗin da soket guda da ya ƙone, wayar kuma a fili take, ta yi baƙi ta bushe. Ya sassaƙa bango ya binne bututun roba, ya ja waya mai kaurin 2.5 domin soket uku, ya raba layinsu da na fitila, ya kuma nisanta su da wurin wanke-wanke da wurin wuta. Ya gargaɗe ni a kan waya mai araha, ya ce akwai wadda a ido jan ƙarfe ce, amma idan aka kankare sai a ga fari a ciki, kuma ita ce take zafi ta narke idan aka jona abin dafa ruwa. Tare muka je Sabon Gari, wajen titin Faransa inda masu kayan wuta da na famfo suke, ya zaɓa ni kuma na biya da hannuna. Wannan ita ce hanyar da na bi a duk sayayyar da ta biyo baya: mai aiki ya zaɓi kaya, ni in yi ciniki in biya in karɓi rasit. Kuɗin a daidaita sahu da na biya masa bai kai abin da ake ɗorawa ba idan aka ba da kuɗi aka ce a sayo. Wuta ta tashi dubu 41. A ranar kuma mai walda ya zo ya auna sabuwar taga, domin Baba ya faɗaɗa tsohuwar ta kusa ninka biyu, aka yi mata ƙarfe da raga a kan dubu 30.

Sai babban aiki, wato kanta. A nan ne surukata ta shigo maganar, kuma da ba ta shigo ba da na yi kuskure na biyu. Hajiya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana kallon Baba yana ɗora bulo har ƙugu, sai ta ce, "'Yar nan, ni fa ban ga inda za a tuƙa tuwo ba a nan. Ko a tsaye za ku riƙa tuƙa shi?" Na ce, "Gaskiya ne Hajiya, ban yi tunaninsa ba." Hotunan da nake kallo duk na mutanen da ba sa riƙe muciya ne. Tukunyar tuwon gidanmu ta mutum goma sha ɗaya ce, kuma tuƙi yana son a danne tukunya a sa ƙarfin kafaɗa daga sama. Ko a girkin yau da kullum ma, murhun gas na kan tebur yana da nasa tsayin, idan aka ɗora shi a kan kanta mai tsayi aka kuma ɗora tukunya, sai mace ta riƙa ɗage domin ta leƙa miya. Abin da aka yi shi ne aka raba kantar hawa uku. Ɓangaren yanke-yanke da wanke-wanke aka bar shi santimita 88, wanda aka auna da gwiwar hannuna ina tsaye, ɓangaren murhu aka sauke shi zuwa 72, sannan a kusurwa kusa da ƙofa aka yi ɗan dandamali da bai wuce tsayin bulo ɗaya ba domin babban murhu mai ƙafa ɗaya. Murhun itace da kurfotin gawayi kuwa aka bar wa Hajiya su a waje ƙarƙashin rumfa, inda iska take kaɗawa, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba, ga shi kuma ba na son sabon bango ya koma gidan jiya.

Rodi mai milimita 10 guda uku aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, dubu 24, da bulo mai inci 6 guda 40, dubu 18, yashi da tsakuwa kuma dubu 30 har da dako. Siminti buhu 11 aikin ya ci gaba ɗaya, daga filasta zuwa manna tayil, a kan dubu 9 da ɗari biyar kowane buhu. Ban saye shi a lokaci guda ba, uku-uku nake ɗauka, saboda ba mu da wurin ajiya mai kyau kuma ina so in ga inda kowane buhu ya shiga. Baba ya kafa katakon tallafi, ya ɗaure rodi, ya bar ramin kwanon wanke-wanke daidai da girmansa, wanda hakan ya sa dole kwanon ya kasance a hannu kafin ranar zuba kankare. Bayan an zuba sai jira. Hunturu ya riga ya shigo, iska tana busar da komai cikin sa'o'i kaɗan, kuma kankaren da ya bushe da sauri tsagewa yake yi. Baba ya ce a rufe shi da tsummokara a riƙa jiƙa su safe da yamma har kwana bakwai, kada kuma kowa ya cire tallafin sai ya dawo. Waɗannan kwanakin sun fi kowanne yi mini tsawo, domin ga kuɗi sun tafi, ga kicin kamar kango, ga baƙi suna shigowa suna tambaya ko aikin ya tsaya ne. Kuɗin hannun Baba da yaransa dubu 60 ne, kuma kashi uku na biya shi, na farko ranar da aka fara, na biyu bayan filasta, na ƙarshe bayan an cire tallafin na ga kanta ta tsaya.

A tsakiyar Disamba na zauna da littafina na tarar abin da ya rage kusan dubu 100 ne kawai, ga tayil, ga fenti, ga cikon kafinta, ga silin. Abin da ban sa a lissafi ba tun farko shi ne ƙananan abubuwa: abincin rana na ma'aikata, ruwan leda, kuɗin mai kura da ya kwashe ɓaraguzai, cajin masu POS duk lokacin da lebura ya ce shi tsaba yake so. Sun tattaru sun kai dubu 25 ba tare da na ga ranar da suka fita ba. Na sayar wa 'yan gwangwan tsohon kwano da ƙarfen taga, na samu dubu 9. Yayata ta ranta mini dubu 50, sauran kuma na jira albashin Disamba. Aiki ya tsaya kwana goma sha biyu. A nan na yanke shawarar a bar silin sai gaba, tunda rashinsa ba zai lalata komai ba, a kuma taƙaita tayil ɗin bango ga inda ruwa da mai suke fallatsa, wato layi uku a saman kanta, maimakon har sama kamar yadda na so.

Sayen tayil ya ɗauke ni yini guda. Idona ya fara sauka a kan wani mai sheƙi kamar madubi, amma mai manna tayil ɗin da na tafi da shi ya ɗiga masa ruwa ya ce in shafa da tafin hannu, na ji santsi kamar an zuba kuɓewa. Da tsohuwa a gida da yara masu gudu, sai na haƙura na ɗauki mai ɗan kaushi, ɗan Najeriya, mai faɗin 40 da 40. Kwali ɗaya guda 12 ne, bai cika murabba'in mita biyu ba, don haka a lissafi kwali huɗu za su rufe ɗakin da kyar, amma na sayi biyar a kan dubu 8 kowanne, saboda yanka da fashewa. Ya kuma sa na duba lambar da ke jikin kowane kwali domin a tabbatar duk fitowa ɗaya ne, domin tayil iri ɗaya ma launinsa yakan ɗan bambanta daga wannan fitowa zuwa waccan. Na bango da na kan kanta kwali huɗu ne, dubu 28. A gida ya jiƙa tayil ɗin a baho kafin ya manna, ya karkata daɓen kaɗan zuwa ƙofa domin ruwan wanki ya fita da kansa. Bayan kwana biyu na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da cokali kamar yadda na ga Baba ya yi wa bango, na samu guda huɗu suna ƙarar rami, alamar siminti bai cika ƙarƙashinsu ba. Bai ji daɗi ba, amma ya ɗaga su ya sake, saboda cikon kuɗinsa yana hannuna. Aikinsa dubu 30 ne, farin simintin cike tsaga dubu 4.

Fenti ni da ƙanin Malam muka shafa, bayan filasta ta yi fiye da wata guda tana bushewa. Na sayi fentin ruwa na sama da ƙaramin galan na fentin mai domin ƙofa da taga da bangon da ke kusa da wuta, saboda shi ake iya gogewa da soso, duka dubu 35 har da burushi. Sai a makon farko na Janairun 2025 kafinta ya dawo, wata uku bayan ranar da na fara kiran sa. Ya sake awo, kuma babu awo ɗaya da ya yi daidai da na farko, tunda filasta da tayil sun ci wuri, taga kuma ta faɗaɗa. Da ya riga ya yanka allunan a watan Oktoba, da sun zama na hura wuta. Ya kafa kabad ɗin sama mai ƙofa huɗu a bangon yamma, ya yi wa ramukan ƙarƙashin kanta firam na katako da murafe, ya ɗaga su daga ƙasa kamar yatsa huɗu domin ruwa, ya kuma rufe gefen kowane allo. Na cika masa dubu 35.

Maganar tukunyar gas ita ce ta ƙarshe, kuma na so in ɓoye ta a cikin ɗaya daga ramukan nan in rufe da murfi domin kyan gani. Mai sayar mana da gas ya hana ni. Ya ce iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta tsiyaya ƙasa take kwanciya, kuma a rufaffen wuri taruwa take yi har ta samu tartsatsi. Sai aka huda bango aka fitar da tiyo, tukunyar mai kilo 12 da rabi ta zauna a waje cikin inuwa. Na canja tiyon da kan tukunyar a kan dubu 12, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa muka tsaya muna kallo ko kumfa za ta tashi.

Da na haɗa lissafi, aikin ya kusa naira dubu 715, wato ya haura abin da na tanada da kusan dubu 85, kuma ba a yi silin ba. Idan aka duba littafin, abin da ido ba ya gani, wato rufi da kwata da bututu da waya da filasta, shi ya cinye kaso mafi tsoka, alhali ko sisi ban ware masa ba a ranar da na karɓi adashi. Da zan sake, magini da mai famfo zan fara kira su duba sama da ƙasa kafin in yi wa kowa alkawari, in bi da mai wuta, sannan kanta da tayil da fenti, kafinta kuwa ba zai ɗora tef a bango ba sai komai ya bushe. Da kuma zan ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin in manta da shi har sai bango ya nuna abin da ya ɓoye. Ba zan sake biyan kafin alƙalami ba tare da rubutu da shaida ba, ko da mutumin ɗan'uwa ne, ba kuma zan cika wa mai aiki kuɗinsa ba sai na gwada abin da ya yi, ruwa ya kwana a bututu, tayil ya sha ƙwanƙwasa. Lokacin aikin ma yana da muhimmanci, domin da a damina muka fara, da babu inda zan yi girki, kuma da bangon bai bushe ba har a gane inda ruwan yake fitowa. Sannan duk wadda take da babba a gida, ta tambaye ta yadda ake girki a gidan kafin a ɗora bulo, tun ran gini ran zane.

Yanzu ina wanke-wanke a tsaye, abin da ban taɓa yi ba a gidan nan cikin shekara goma sha huɗu, kuma Hajiya takan shigo da kujerarta ta zauna kusa da ɗan dandamalin ta karɓi muciya idan ta ga tuwona zai yi gudaji. Na biya yayata dubu 30, saura 20. Idan na ɗaga kai har yanzu kwano nake gani da katako, kuma da rana tsaka ya fara ɗaukar zafi tun hunturu bai gama fita ba. Na je na tambayi farashin silin na roba, an ce da kuɗin aiki zai kai dubu 45, ina fatan in haɗa su kafin azumi ya kama a farkon Maris na 2025, domin soya ƙosan buɗa-baki a ƙarƙashin kwano tsirara ba ƙaramin aiki ba ne.